Babi na Shida: Kotun da Ba Ta da Dogari

Mutumin Sabon Birni ya fi kusa da Nijar a kan Sakkwato. Kakanninsa da na mutanen Tsibiri ɗaya ne, tsagar da ke kumatunsu iri ɗaya ce, kuma in fari ya yi ko tsoro ya faɗo, ba ya tsayawa tambayar inda Turawan Ingila da na Faransa suka kafa turakun iyaka kafin ya tsallaka wurin dangi. Don haka labarin da zan fara da shi, ko da yake a Birnin Ƙonni ya faru, labarin gida ne. Ƙonni jifa kaɗan ce daga Illela, kuma duk wanda ya taɓa cin kasuwar Madawa ya san irin gidajen da zan ambata.

A shekarar 1996 aka sayar da wata yarinya mai shekara 12, Hadizatu Mani, a kan jaka 240 ta sefa. Uwarta baiwa ce, saboda haka a idon masu cinikin ita ma dukiya ce, kamar yadda ɗan akuya ke bin uwarsa wurin mallaka. Wanda ya saye ta wani Alhaji ne mai shekara 46 a yankin Ƙonni, da matansa huɗu na aure. Ita ta shiga gidan a matsayin wahaya, abin da jaridu ke kira mace ta biyar. A takardun shari'ar an rubuta "sadaka", wanda baƙo zai karanta ya ɗauka ta neman lada ake nufi. Bahaushe ya san sa-ɗaka ce: ba sadaki, ba waliyyi, ba shaidu, ba rabon kwana. Shekara tara ta yi tana aikin gida da na gona, tana shan duka. Ta haifa masa 'ya'ya huɗu, biyu suka rayu.

A 2003 Nijar ta yi dokar da ta mai da bautar da mutum babban laifi, mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa tun 1991 don yaƙi da bauta, ta shiga ƙauyuka tana shaida wa iyayengiji abin da ke jiran su. Ranar 18 ga Agusta 2005 Alhajin ya ba Hadizatu takardar ɗiyauci, da sa hannun mai gari. Da ta ɗaure kayanta za ta tafi sai ya tare ƙofa. Ai yanzu, in ji shi, ke matata ce.

Daga nan aka shiga zarya. Ƙaramar kotun Ƙonni ta ce a watan Maris na 2006 babu aure, tun da ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a nemi yardarta ba. Babbar kotun Ƙonni ta soke wannan a watan Yuni, bisa hujjar cewa a al'ada baiwar da aka 'yanta matar ubangijinta ce. Kotun ƙoli a Yamai ta rushe wancan hukunci a ƙarshen shekara, amma a kan kuskuren tsari kawai, ba ta ce uffan a kan bautar ba, ta mai da maganar Ƙonni. Ana cikin wannan Hadizatu ta auri wanda take so. Alhaji ya kai ƙarar aure kan aure, kuma a watan Mayu na 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida, ita da yayanta da sabon mijin. Wanda ya saye ta yana gida yana shan inuwa, wadda aka saya tana gidan kaso. Shari'a saɓanin hankali ke nan a zahiri.

Da a ce labarin ya tsaya inda irinsa ke tsayawa, da an ce mata ta bar wa Allah. Amma lauyoyinta, da taimakon Timidria da wasu ƙungiyoyi biyu na Ingila, Anti-Slavery International da Interights, suka yi abin da ba a saba gani ba. A watan Satumba na 2007 suka shigar da ƙara a Kotun ECOWAS da ke Abuja. Kuma ba Alhaji suka yi ƙara ba. Jamhuriyar Nijar suka yi ƙara, ɗungurungum.

A nan ne asalin abin yake, kuma shi ne mutanenmu da yawa ba su gane ba game da wannan kotu. Ba a kai mata ɓarawo, ba a kai mata maƙwabci ko miji ko mai gari. Wanda ke tsayawa a gabanta a matsayin wanda ake ƙara gwamnati ce. Lauyoyin Nijar sun yi ta jan wannan zare: ai ba gwamnati ta sayi yarinyar ba, ai mun riga mun yi doka, ai maganar tana gaban kotunanmu ba a gama ba, ai yanzu ma ba baiwa ba ce. Saboda talaucin mai ƙara da kuma shaidun da ke can, kotun ta kwashi alƙalanta daga Abuja ta je ta zauna a Yamai a watan Afrilu na 2008, ƙarƙashin wata alƙaliya 'yar ƙasar Mali, Aminata Malle Sanogo. Hadizatu ta tsaya ta faɗi abin da ya same ta da bakinta, manyan ƙasa na zaune suna ji.

Ranar 27 ga Oktoba 2008 aka yanke hukunci. Kotun ta ce ba sharaɗi ba ne sai mutum ya ƙure kotunan ƙasarsa kafin ya zo gare ta. Ta ce abin da aka yi wa Hadizatu bauta ce ba tantama. Sannan ta kama Nijar ta inda ba ta zata ba: alƙalin da aka kawo masa mace, ya ji da kunnensa cewa baiwa ce, ya rubuta hakan a takarda, amma ya wuce bai tuhumi kowa ba, to shirunsa yarda ce, kuma shirun alƙali shirun gwamnati ne. Aka umarci Nijar ta biya ta sefa miliyan 10. Miliyan 50 ta nema, kuma ba duk ƙorafinta aka karɓa ba, don kotun ta ƙi cewa ɗaurin da aka yi mata haramtacce ne tun da alƙali ne ya yanke shi. Amma Nijar ta biya. A shekarar da ta biyo baya aka karrama Hadizatu a Amurka, kuma sunanta ya shiga littattafan koyar da lauyoyi a duniya.

Ban ce wahaya ta ƙare daga ranar ba. Binciken da Timidria da Anti-Slavery suka fitar a 2012 ya nuna har lokacin ana cinikin 'yan mata a yankin Ƙonni da Madawa, wasu ma ana tsallako da su Najeriya gidajen masu hali. Wannan abin kunya namu ne duka, tsallaken nan da na can.

Yadda aka yi ƙofar kotun ta buɗe wa talaka shi ma labari ne na bakin iyaka, kuma ɗan kasuwar Illela zai ji shi a jikinsa. ECOWAS an kafa ta a Legas a 1975 don ciniki da zirga-zirga. Yarjejeniyar kafa kotunta ta 1991 ce, amma sai a farkon 2001 aka rantsar da alƙalan farko, da Mai shari'a Hansine Donli ta Najeriya a matsayin shugaba. Shekaru suka wuce alƙalai na zaune ba mai ƙara, domin a lokacin gwamnatoci ne kaɗai ke da ikon shigar da ƙara, su kuwa gwamnatoci ba sa kai juna kotu, a ɗakin taro suke sasantawa. Sai a 2003 Najeriya ta rufe iyakarta da Jamhuriyar Binin, wani ɗan kasuwa mai suna Olajide Afolabi ya yi asarar ciniki, ya garzaya kotun. A 2004 ta ce masa ya yi haƙuri, doka ba ta ba ta hurumin sauraron mutum shi kaɗai ba. Wannan korar ita ta tada ƙura. Lauyoyi da ƙungiyoyi, har da su alƙalan kansu, suka matsa lamba, kuma a watan Janairu na 2005 shugabannin ƙasashen suka sa hannu a Akara kan gyaran da ya ba kowane mutum damar kai ƙarar take masa haƙƙi. Sharuɗɗa biyu kawai aka gindaya: kada mai ƙara ya ɓoye sunansa, kuma kada maganar ta kasance tana gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. Ina kyautata zaton da shugabannin sun hango abin da zai biyo baya, da alƙalamin ya yi musu nauyi.

Dokar da kotun ta fi dogara da ita ita ce Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ta fara aiki a 1986. Najeriya ta mai da ita dokar cikin gida tun 1983. Akwai masu ce wa duk wannan kayan Turawa ne. Ni kam in na ji haka sai in tuna Magami. A ƙasar Gobir ɗin nan ne, ranar wata Babbar Salla a ƙarshen zamanin Bawa Jan Gwarzo, Shehu Usmanu ya ƙi karɓar kyautar sarki ya nemi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da sakin waɗanda ke kurkuku da sauƙaƙa wa talakawa haraji. Kuma Bawa ya amsa. Tunanin cewa akwai abin da mai mulki ba shi da ikon yi wa talaka, da cewa wani na iya tsayawa gabansa ya faɗa masa, ba a jirgin ruwa ya zo mana ba. Abin da ya sauya shi ne wurin tsayawar da harshen da ake magana da shi. Kotun Abuja da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal take aiki. Hausa, wadda miliyoyin mutane ke yi daga Agadas zuwa Kumasi, sai ta bakin tafinta.

To, ina dogarin?

Alƙalin gargajiya in ya yanke hukunci akwai wanda zai je ya kamo, akwai gidan yari, akwai sarki a bayansa. Kotun ECOWAS ba ta da ko ɗan sanda ɗaya. In ta gama, takarda take aika wa ƙasar da ta kayar, kuma a Najeriya ofishin da aka ɗora wa aiwatarwa shi ne na Antoni Janar na Tarayya, wato dai ofishin da lauyoyinsa suka tsaya suka kare gwamnati a shari'ar. An ba kura ajiyar nama. Sakkwatawa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Ranar 4 ga Oktoba 2016 kotun ta ce tsarewar da ake yi wa Kanar Sambo Dasuki, ɗan Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, ta saɓa doka, a sake shi, a biya shi naira miliyan 15. Bai fito ba sai ranar 24 ga Disamba 2019, sama da shekara uku bayan hukuncin. Duk abin da mutum ke gani game da tuhumar kuɗin makamai da ake yi masa, wannan daban. Kotu ta yi magana, gwamnati ta toshe kunne, ba abin da ya faru. In ɗan sarki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da manyan lauyoyinsa, ya yi wannan jira, manomin Gatawa fa?

Haka aka yi a Nijar. A Nuwamba 2010 kotun ta ce a saki shugaba Mamadu Tanja daga hannun sojojin da suka kifar da shi, bai sami fita ba sai Mayun 2011. Ranar 15 ga Disamba 2023 ta ce a saki shugaba Mohamed Bazoum a mai da shi kan kujerarsa. Sojojin Yamai ko kallo ba su yi mata ba. A Gambiya, bayan ta kama gwamnatin Yahya Jammeh da laifin ɓatar da ɗan jarida Ebrima Manneh a hukuncin 2008, Jammeh ya nemi a rage mata ƙarfi, a tilasta wa kowa ƙure kotunan gida tukuna. Sauran ƙasashe suka ƙi, ta sha da ƙyar. Takwararta ta kudancin Afirka ba ta yi wannan sa'a ba: da ta yanke hukunci a kan Robert Mugabe game da gonakin da aka ƙwace, shugabannin yankin suka dakatar da ita a 2010.

Duk da haka ba zan ce aikin banza take yi ba, kuma dalilina ba tausayin alƙalanta ba ne. Akwai abin da takardar hukunci ke yi ko da ba a biya ko kwabo ba. A watan Satumba na 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a unguwar Apo da ke Abuja, suka kashe mutum 8, suka raunata 11. Yawancinsu 'yan ci-rani ne daga arewa, masu tuƙa Keke Napep da ƙananan sana'o'i, suna kwana a kangon don ba su da kuɗin haya. Sanarwar hukuma ta ce 'yan Boko Haram ne. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta bincika ta ce ba haka ba ne, sannan a 2016 Kotun ECOWAS ta kama Najeriya da laifi, ta yanka dala 200,000 ga iyalan kowane mamaci, da dala 150,000 ga kowane mai rauni. Uwar da aka ce ɗanta ɗan ta'adda ne yanzu tana da hukuncin alƙalan ƙasashe da ke cewa ƙarya aka yi masa. Wanda bai taɓa zama cikin irin wannan zargi a ƙauye ba ba zai san nauyin wannan ba.

Yanzu mu dawo gida.  Ranar 27 ga Mayu 2020 an kashe sama da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A Disamba 2021 an tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki, hukuma ta ce 23 ne suka mutu, mutanen yankin suka ce sun fi haka. Ƙauyuka sun biya harajin noma da na girbi ga yaran ɗan bindigar nan Bello Turji, an ma kai inda 'yan bindiga suka tuɓe masu gari suka naɗa nasu. Dubbai sun tsallaka Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan makonni a hannun masu garkuwa, bayan duk duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi.

Mai karatu zai ce, to ai waɗannan ɓarayin daji ne suka yi, ba gwamnati ba, wa za a kai Abuja? Amsar tana cikin shari'ar Hadizatu. Ita ma ba gwamnati ce ta saye ta ba. Abin da aka kama Nijar da shi shi ne ta sani, tana da ikon hanawa, ta kau da kai. Kuma kotun ta riga ta ɗora wannan ma'auni a kan kashe-kashen ƙauyuka a Najeriya. Bayan hare-haren da aka kai wa mutanen Agatu a Jihar Binuwai a 2016, wani limamin coci, Solomon Mfa, da wasu mutum 11 suka kai ƙarar Gwamnatin Tarayya. A watan Fabrairu na 2019 kotun ta ce gwamnati ta gaza sauke nauyin kare su, ta umarce ta da ta yi bincike, ta gano masu laifi ta gurfanar da su, ta share wa waɗanda abin ya shafa hawaye, ta kuma tsare yankin.

Amma ga inda nake so Bagobiri ya buɗe kunne. Masu ƙarar sun nemi diyyar naira biliyan 500, kotun ta ce ba za ta ba da ko sisi ba. Ba don ta musanta an yi kisa ba. Ta ce ba a kawo mata sunayen waɗanda aka kashe ba, ko shekarunsu, ko maza ne ko mata, ko inda suke zaune, ba a kuma fayyace dukiyar da aka lalata da ƙimarta ba. An zo mata da kuka, ita kuwa lissafi take nema. Hadizatu mutum ɗaya ce, da sunanta, da ranar da aka ba ta takarda, da adadin kuɗin da aka saye ta, shi ya sa aka iya biyan ta. Mutanen Apo an san su ɗaya bayan ɗaya. Agatu ta zo da ɗaruruwan gawarwaki marasa suna, ta koma da umarni a takarda.

Mu kuwa al'adarmu ta saɓa wa wannan ta kowace fuska. Mamaci ba ya kwana, kuma daidai ne. Ba likita, ba takardar shaidar mutuwa, sau da yawa ko rahoton 'yan sanda babu, domin ofishin nasu ma an tashe shi. In an kai gawa an dawo, sai a yi addu'a, a ce kwana ya ƙare. Kuɗin fansa ana tara shi a ɓoye, a sayar da gona da shanu da babur, a kai daji da dare, ba rasit. Wanda ya yi magana a rediyo yana tsoron masu kai rahoto daji, waɗanda a gari ɗaya ake kwana da su. Kotun kuma ta ce ba ta karɓar ƙarar wanda ya ɓoye sunansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ake nema daga mutumin da iyalinsa ke kwana a bakin dajin Gundumi. Shi ya sa irin wannan ƙara sai da ƙungiya mai rajista da za ta tsaya a gaba, kamar yadda Timidria ta tsaya, kamar yadda ƙungiyar SERAP ta Legas ta sha yi.

Ita SERAP ɗin ta buɗe wata ƙofa da ta shafe mu kai tsaye. Tsarin mulkin Najeriya ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati, ya kuma yi maganar ilimi kyauta, amma ya zuba su a babi na biyu, wanda wani sashe na tsarin mulkin ya hana kotunan gida tilasta aiki da shi. An ba ka da hannun dama an karɓe da na hagu. A shari'ar da SERAP ta kai kan ilimin firamare, wadda aka ƙarƙare a Nuwamba 2010, Kotun ECOWAS ta ce wannan katanga ba ta tare ta ba, domin ita da Yarjejeniyar Afirka take hukunci, kuma a can ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a gaban alƙali. Yaran garin Isa da Sabon Birni da makarantunsu suka zama masaukin 'yan gudun hijira ko kangon jemagu, shekara da shekaru, suna cikin wannan magana.

Akwai wani abu da ke sa mutanenmu ɗari-ɗari da kotun, kuma ɓoye shi rashin gaskiya ne. Da yawa ba su taɓa jin sunanta ba sai a Afrilun 2025, lokacin da ta ce wasu sassa na dokokin Jihar Kano kan ɓatanci ga addini sun saɓa wa yarjejeniyoyin da Najeriya ta sa wa hannu. Gwamnatin Kano ta yi fatali da hukuncin, malamai suka yi ta huɗuba. Kafin wannan kuma sunan ECOWAS ya riga ya ɓaci a bakin iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka yi ta maganar yaƙi, motocin albasa da na hatsi suka yi layi a Illela kaya na ruɓewa. Da gwamnatin sojan Nijar ta kai kuka kotun a kan takunkumin, a Disamba 2023 aka sallame ta da cewa ba halattacciyar gwamnati ba ce da za ta tsaya a gabanta. A doka wataƙila haka ne. Amma mai ciwon sukari a Maraɗi da maganinsa ya yanke bai yi juyin mulki ba, kuma a kunnensa kotu da ƙungiyar duk kanwar ja ce. Ra'ayina shi ne mutum na iya ƙin wani hukuncin kotu ya kuma kai mata ƙararsa gobe. Haka muke yi da kotunan gida kullum. Gwamnoni ma haka suke yi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya raba Gobir biyu a wurin da ba a taɓa raba ta ba. Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. An yi ta magana a kan fasfo da kuɗin fito da zirga-zirgar dabbobi, ba a cika tuna kotun ba. Yarinyar da za a sayar a Ƙonni ko Madawa yanzu ba ta da hanyar Abuja. Abin da ya rage mata shi ne Kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya, wadda ta tarayyar Afirka ce baki ɗaya. Can ba kowa ke shiga kai tsaye ba, sai ɗan ƙasar da gwamnatinta ta sa hannu a wata takarda ta musamman da ke ba mutane wannan dama. Ƙasashe kaɗan ne suka yi, wasu ma kamar Ruwanda da Binin da Kodibuwa da ita kanta Tanzaniya mai masaukin sun janye bayan hukunci ya ƙona su. Nijar ta sa hannu a 2021. Najeriya ba ta taɓa yi ba. Ga shi kuma Arusha sai ka ƙure kotunan ƙasarka kafin ta saurare ka, wato daidai shingen da Hadizatu ta tsallake. Sai aka wayi gari ɗan Tsibiri yana da Arusha mai nisa ba shi da Abuja, ɗan'uwansa na Sabon Birni yana da Abuja ba shi da Arusha. Kuma wanda ya gudu daga Sabon Birni yake zaune a sansani a Gidan Rumji, ƙararsa a kan Najeriya ce, ƙofar Abuja ba ta rufe masa ba don ya tsallaka.

Tun zamanin korona kotun ta fara karɓar takardu ta intanet, tana kuma zama ta bidiyo, don haka lauya a Sakkwato na iya tsayawa gabanta daga ofishinsa. Alƙalanta biyar ne tun 2018, an rage su daga bakwai, ƙararraki sun yi musu yawa, shari'a kan ɗauki shekaru. Wanda zai shiga ya shiga da sanin cewa ko ya yi nasara, biya sai an yi ta bin sawu, da jarida da majalisa da naci.

Amma kayan shari'ar suna nan a warwatse. Akwai wasiƙun da 'yan bindiga suka aika ƙauyuka da adadin harajin kowane gari. Akwai muryoyin da aka naɗa a waya ana cinikin fansa. Akwai koke-koken da dattawan yanki da 'yan majalisa suka rubuta wa hukuma kafin a kai hari, waɗanda su ne hujjar cewa an sani. Akwai rajistar hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Maraɗi, gida gida. A Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari kuwa, da yawa daga limaman da suka sallaci gawarwakin nan da samarin da suka haƙa kaburbura suna raye, wasu a gida, wasu a Sabon Birni, wasu a tsallake, kuma in aka zauna da su da takarda da biro za su kawo sunan kowane mamaci da na ubansa da unguwar da ya fito.